Daga Kuɗin Fito Zuwa Tarar Tuƙi: Tarihin Doka a Kan Hanyar Tsafe, Gusau da Bunguɗu

Gabatarwa



An nemi in yi magana a kan kiyaye haɗurra bisa hanya, da yadda ake zartar da hukunci kan masu karya dokar tuƙi. Na ga zai fi amfani in ɗauki hanya guda wadda dukanmu muka sani, mu bi tarihinta tun daga tushe. Ita ce wadda ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa, ta shigo ƙasar Zamfara ta Tsafe, ta wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, ta ratsa Gusau, sa'an nan ta fita ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara har Sakkwato. A takardun gwamnatin tarayya lambarta A126. Da wuya a sami wani a cikin wannan ɗaki wanda bai taɓa zuwa ta'aziyyar mutumin da ya rasu a kanta ba.

Maganar da nake so in kafa guda ce. Tun da mota ta shigo ƙasar nan ba a taɓa rasa doka a rubuce ba, ba a kuma rasa tara ba. Abin da aka yi ta rasawa shi ne tabbacin hukunci, watau direba ya sakankance cewa in ya yi laifi hukunci zai same shi ko shi wane ne, kuma babu ciniki a ciki. Duk lokacin da hukunci ya zama abin ciniki, to, ya tashi daga horo ya koma kuɗin wucewa, irin wanda fatake suka saba biya tun kafin zuwan Turawa.

Zamanin fatake

Kafin mota, ayari shi ne abin sufuri. Fataken Kano da Katsina da Zamfara sukan ɗora kanwa da tufafi da fatu bisa jakuna da takarkarai, su nufi Gwanja neman goro, tafiyar da kan ci watanni. Ayari yana da tsarinsa. Madugu shi ne shugaba, shi ke yanke ranar tashi da wurin zango, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba yana duba hanya. Wanda ya saɓa wa tsarin tafiya, madugu ke horonsa nan take a gaban jama'a, kuma horon yana da ƙarfi domin kowa ya san in aka bar mutum a baya cikin daji ya halaka.

Ban da wannan horo na cikin gida, akwai wani kuɗi dabam da ayari ke biya, watau kuɗin fito a mashigin kogi da gaisuwar da ake kai wa sarakunan garuruwan da aka ratsa. Wannan kuɗi ba ruwansa da laifi. Mai gaskiya da marar gaskiya duk biya suke yi, kuma ciniki ake yi a kansa. Gwanintar madugu ma takan bayyana ne wajen iya rage shi. Bafatake kuwa ba ya jin zafinsa ƙwarai, gama yakan ɗora shi bisa kuɗin goro, mai saye ya biya.

Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, Gwamna Lugga bai kashe wannan al'ada ba. Sai ya mayar da ita ta gwamnati, aka kafa tashoshin karɓar harajin ayari a manyan hanyoyi. 'Yan kasuwa suka yi ta kuka, har aka soke harajin cikin 1907. To, ina roƙonku ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, horon madugu da kuɗin fito, domin duk tarihin da zai biyo baya kokawa ce tsakaninsu.

Jirgin ƙasa, Sabon Gari da mota

Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Amma abin da ya mayar da ita babbar cibiyar ciniki shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya iso Gusau cikin 1927, ya ƙare a Ƙauran Namoda cikin 1929. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna suna sayen gyaɗa da auduga da fatu. Ma'aikatan reluwe da akawuna da makanikai da 'yan tireda, Yarbawa da Ibo da Nufawa da wasunsu, suka sauka a Sabon Gari, kamar dai yadda aka yi a Kano da Zariya.

Wani abu da ya kamata a lura da shi shi ne, jirgi bai taɓa isa Sakkwato ba. Saboda haka duk kayan da za su tafi hedkwatar lardi, da duk amfanin gonar da za a fitar daga yammacin lardin, tilas su hau mota tsakanin Gusau da Sakkwato, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai, ta Bunguɗu. Tun daga wancan lokaci Gusau ta zama garin direbobi da karnukan mota da masu facin taya, kuma da yawa daga cikin masu wannan sana'a a farko mazauna Sabon Gari ne.

Doka ba ta yi jinkiri ba. An yi dokar motoci ta farko a Kudu cikin 1913, aka yi wadda ta game ƙasa duka cikin 1916. Cikin 1945 aka yi dokar inshora wadda ta wajabta wa mai mota ya yi tanadin diyyar wanda motarsa ta yi wa ɓarna, ta fara aiki cikin 1950. Cikin 1947 kuma aka yi babbar dokar hanya wadda ta tsara rajistar mota da lasin da laifuffukan tuƙi, ita ce uwar yawancin dokokin da jihohi suka gada.

Wahalar tana wajen masu zartarwa. A Arewa 'yan sanda iri biyu ne, na gwamnati da 'yan dokan En'e. Kotuna ma iri biyu ne, na majistare da na alƙalai. Tsarin En'e an gina shi ne a kan mutumin da ke zaune wuri guda, wanda mai unguwa ya san gidansa, dagaci ya san gonarsa. Direba kuwa ya kwana a Zariya, ya yi laifi a Tsafe da hantsi, kafin la'asar yana Sakkwato. In an ce a kai shi kotu, fasinjoji da kayan mutane sun tsaya, shi da ɗan doka duk sun ɓata yini. Hanya mafi sauƙi ga su biyun ita ce a daidaita a gefen titi. Daga nan na goro ya samo asali a kan hanyar mota. Aka haɗe 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya wajen 1970, amma wannan dalili na daidaitawa bai gushe ba.

Shekarun 1970: hanya ta cika

Abubuwa uku suka taru cikin shekaru goma suka canza wannan hanya. Na farko, arzikin man fetur. Ƙarin albashin Udoji, wanda ma'aikata suka karɓa da bashinsa cikin 1975, ya sa akawu da malamin makaranta suka sayi babur, manyan ma'aikata suka sayi mota. A wannan shekara ce kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Fijo ta zama motar haya tsakanin gari da gari, ga ta da gudu wanda tsofaffin manyan motocin katako ba su taɓa yi ba.

Na biyu, jirgin ƙasa ya fara ja da baya. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kama gyaɗa cikin 1975 sun karya cinikin da layin Ƙaura ya dogara da shi, kaya masu nauyi kuma suka koma titi. Simintin Sakkwato, wanda aka fara yi cikin 1967, a mota yake fita. Bayan an buɗe matatar mai ta Kaduna cikin 1980, ma'ajiyar mai ta Gusau ta zama wurin da tankoki ke lodi suna rarrabawa. Na uku, kwalta mai kyau. Hanyar tsakuwa da gargada ita kanta birki ce. Da aka shimfiɗa kwalta sai gudu ya ƙaru, alhali garuruwa irin Tsafe da Bunguɗu suna nan bisa bakin titi da kasuwanninsu da makarantunsu da dabbobinsu.

Cikin wannan zamani akwai abu guda da ya nuna cewa mutanenmu suna iya bin doka in an bi da su daidai. Ran 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama, don ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Dahomey. An daɗe ana shela a rediyo da jaridu da tashoshin mota, aka canza alamun hanya, aka baza jami'ai. Direban da bai taɓa shiga aji ba ya canza hannu rana ɗaya da babban sakatare. Me ya sa wannan doka ta zauna? Domin kowa ya san da ita, ta hau kan kowa, kuma wanda ya saɓa mata sakamakonsa yana tafe a gabansa cikin motar da zai yi karo da ita. Ba wanda zai yi ciniki da wannan.

Sauran dokoki ba su sami wannan gata ba. Gwamnatin tarayya ta yi dokar manyan hanyoyinta cikin 1971, ta kafa wata hukumar kiyaye haɗurra cikin 1974, amma aikinta bai wuce ba da shawara da faɗakarwa ba. Cikin 1977 Jihar Oyo ta kafa rundunarta ta kiyaye haɗurra, wadda Farfesa Wole Soyinka ya tsaya mata saboda yawan ɗalibai da malaman da hanyar Ibadan zuwa Ife ke ci. Ta yi aiki har 1983, sa'ad da rikicin siyasa tsakanin tarayya da jihohi ya kashe ta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra da hukumomin jihohi

A kan wannan gwaji na Oyo aka gina Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, cikin Fabrairun 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, bisa doka mai lamba 45 ta wannan shekara. Soyinka ne shugabanta na farko, Dokta Olu Agunloye kuma kwamandanta. Sabon abin da ta zo da shi shi ne takardar laifi: jami'i ya rubuta laifin, direba ya je banki ya biya tara, kuɗi ba ya bi ta hannun jami'i. In direba bai yarda ba, yana da damar zuwa kotu. Manufar ita ce a raba tara da na goro. Cikin 1999 aka saka hukumar ƙarƙashin 'yan sanda, cikin 2003 aka sake raba su, cikin 2007 kuma Majalisar Tarayya ta yi mata sabuwar doka mai ɗauke da jerin laifuffuka da tararsu da makin da ake ɗora wa lasin.

Gwaji biyu na wannan hukuma sun isa a yi nazari a kansu. Ran 1 ga Janairu 2003 aka fara tilasta ɗaura bel a kujerun gaba. Laifi ne da jami'i ke gani da ido daga nesa, gyaransa kuma ba ya cin ko kwabo, saboda haka dokar ta kama, ko da yake sau da yawa direba sai ya hango jami'ai yake jawo bel ɗin. Ran 1 ga Janairu 2009 kuma aka fara tilasta hular kwano ga masu babur. Hula tana da tsada, fasinja yana ƙyamar sa wadda wani ya cire, 'yan kabu-kabu kuma suna da yawa, 'yan siyasa suna tsoron ɓata musu rai. A Kano har aka ga masu kifa ƙwarya a ka. Bayan 'yan watanni aka saki. Wanda ya tsaya a Sabon Gari ko Tudun Wada ya ƙirga masu babur da ke sanye da hula, zai san inda dokar ta kwana.

A wannan tsakani an ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, ma'aikata da motoci da babura suka ƙaru. Jihohi kuma suka shiga kafa nasu hukumomi: Legas ta kafa LASTMA cikin 2000, Kano ta kafa KAROTA cikin 2012, Zamfara ita ma ta kafa ZAROTA. Ga 'yan sanda, ga jami'an duba lafiyar motoci da aka fi sani da VIO, ga masu karɓar harajin ƙananan hukumomi, ga 'yan kamasho na ƙungiyar direbobi wadda aka kafa cikin 1978. Hannuwa suka yi yawa a kan direba guda.

Cikin 2010 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta buga rahoto a kan yadda ake tatsar direbobi a shingayen 'yan sanda a faɗin ƙasar nan. Cikin 2012 Sufeto Janar Muhammad Dikko Abubakar, wanda ɗan Gusau ne, ya ba da umurni a rushe shingayen. An rushe su na wani lokaci, tafiya ta yi sauƙi, daga baya matsalar tsaro ta dawo da su. Cikin Oktoban 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na birnin tarayya ba su da ikon tsare mota ko cin tara, domin wannan aikin kotu ne. Ashe har bayan shekara 100 da dokar farko, ba a gama warware wanda ke da ikon hukunci a bakin titi ba.

Lissafin direba

Yanzu bari mu shiga zuciyar direban haya mai lodi daga Gusau zuwa Funtuwa, mu yi lissafi irin nasa, gama shi ba mahaukaci ba ne. Yana da kuɗin da zai kai wa mai mota kowace rana, ga mai, ga kamasho, ga abin da zai miƙa a hanya. Hanya biyu ce gare shi ta cike wannan giɓi: ya ƙara fasinja, ko ya ƙara sawu, watau ya ƙara gudu. Saboda haka duk nairar da aka karɓa a hannunsa a shinge, fasinja ne ke biyanta, da kuɗinsa da kuma matsin da yake sha, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, wani a but. Abin da bafatake ke yi da kuɗin fito ke nan. Shingen da aka kafa don hana lodin wuce kima shi ne ya zama dalilin lodin.

A dokar 2007 tarar gudun wuce kima naira 3,000 ce, ta rashin bel 2,000, ta amsa waya ana tuƙi 4,000, ta lodin wuce kima 10,000, ta tuƙin ganganci 50,000. A shekarar da aka yi dokar, naira 3,000 ta haura rabin mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha, wanda yake naira 5,500, kuma tana sayen man fetur fiye da lita 40. Cikin 2024 mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000, kuma a ƙarshen wannan shekara naira 3,000 ba ta wuce kuɗin lita uku ba. Wannan ya sa mutane da yawa ke cewa maganin abin shi ne a ninka tara.

Lalle tarar da hauhawar farashi ta cinye tana bukatar gyara. Amma mu ƙaddara, alal misali, ana rubuta wa direba takardar lodin wuce kima sau ɗaya cikin sawu 100. Naira 10,000 in an raba ta 100 ta zama naira 100 a kowane sawu, abin da bai kai kuɗin fasinja guda ba. In aka ninka tarar sau goma ba a taɓa sauran tsarin ba, abin da zai tashi shi ne farashin daidaitawa, domin jami'i marar amana ya sami babbar sanda ta tsoratarwa. In kuwa aka bar tarar yadda take amma ya zama duk sawun da ya yi lodin sai an rubuta, cikin mako guda zai daina.

Ga kuma abin da ake saye da wannan ganganci. Ƙa'idar gudu ga motar haya ita ce kilomita 50 cikin awa a cikin gari, 80 a babbar hanya. Tafiyar kilomita 100 a gudun 80 minti 75 ce, a gudun 120 kuwa minti 50. Ribar duka minti 25 ce. Amma mai gudun 120 yana cin mita 33 cikin daƙiƙa guda kafin ma ƙafarsa ta kai ga birki, kuma nisan da motar za ta ja kafin ta tsaya ya ninka na mai gudun 80 fiye da sau biyu. Yaron da ya biyo akuyarsa ya tsallaka titi a Bunguɗu, rayuwarsa tana cikin wannan bambanci.

Ba zan ɓoye wani sabon nauyi da ya hau kan direban wannan hanya ba. Tun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara, musamman tsakanin Tsafe da Funtuwa, mutane suka rage tafiyar dare, motoci suka taru cikin sa'o'in rana, direba kuma yana taka mota a wuraren da yake tsoron a tare shi. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tuna tara. Wannan gaskiya ce, kuma tana nuna cewa tsaron hanya da kiyaye haɗurra aiki guda ne. Amma ba ta zama hujjar gudu a tsakiyar kasuwa ba, ba ta kuma zama hujjar tsohuwar taya ko mataccen birki ba.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

Tun cikin 1764 wani masanin shari'a na Italiya, Cesare Beccaria, ya yi bayanin cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi. Faransa ta gwada wannan a kan titi. Cikin 2002 mutum fiye da 7,000 suka mutu a hanyoyinta. Shugaba Jacques Chirac ya sa abin a gaba, daga 2003 aka kafa na'urorin da ke ɗaukar hoton mota mai gudu, takardar tara ta iske mutum a gida, aka kuma toshe al'adar nan ta a roƙi wani babba ya sa a yafe. Kafin ƙarshen 2010 masu mutuwa sun koma ƙasa da 4,000.

Mu kuwa ko ƙidayar gawarwakinmu ba mu daidaita ba. Cikin 2016 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta rubuta mutuwar mutum 5,053, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa waɗanda suka mutu a wannan shekara sun kusa 40,000. Dalilin giɓin sananne ne a wurinmu. Wanda babur ya buge a ƙauye, a yi masa sutura kafin azahar, ba takarda. Wanda ya cika a asibiti bayan kwana uku, sau da yawa ba ya shiga lissafin haɗari. Dangi kuma su ce sun yafe, ƙaddara ce.

Imani da ƙaddara wajibi ne, yafiya kuma alheri ce. Sai dai shari'ar Musulunci, wadda Zamfara ta faɗaɗa aiki da ita cikin Janairun 2000, ba ta ɗauki kisan kuskure abin wasa ba: ta ɗora diyya, ta ɗora kaffarar azumin wata biyu a jere. In magada sun yafe diyya haƙƙinsu ne. Amma ba su da ikon yafe haƙƙin fasinjojin gobe, waɗanda direban nan zai ɗauka da wannan birki da wannan hali. Wannan haƙƙi yana wuyan hukuma.

Kammalawa

Daga wannan tarihi ina ganin darussa huɗu. Na ɗaya, kada a mayar da tara hanyar samun kuɗin shiga. Ranar da aka yanka wa hukumar hanya adadin da za ta kawo baitulmali kowane wata, an mayar da ita mai karɓar fito, kuma bukatarta ta zama laifi ya yawaita. A auna ta da raguwar gawa da masu karaya a asibitocin Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Na biyu, a zaɓi laifuffuka kaɗan waɗanda su ke kisa, watau gudu, da lodi, da aron hannu a kwana, da tuƙi cikin maye, da rashin hula, a tsananta a kansu kullum, a bar bin direba da neman takardu goma sha. Na uku, kada kuɗi ya bi ta hannun jami'i, kuma kotun tafi-da-gidanka ta zauna a kai a kai a bakin hanya, don mai ƙorafi ya sami alƙali cikin awa guda, dalilin daidaitawa ya faɗi. Na huɗu, laifi ya bi lasin da mai mota. Makin da dokar 2007 ta tanada ba shi da amfani sai an ajiye shi wuri guda, har direba ya san laifin da ya yi a Tsafe zai iske shi a Sakkwato.

Gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da wannan hanya tagwaye daga Zariya zuwa Sakkwato. Abin murna ne, zai rage karon gaba da gaba. Amma mun ga abin da sabuwar kwalta ta yi cikin shekarun 1970. In ba a yi wa garuruwan bakin titi tanadin wurin tsallakawa da abin rage gudu da matsayar motoci ba, mutuwar za ta tashi daga kan fasinja ta koma kan mai tafiya a ƙasa.

Maganata ta ƙarshe gare ku ce, ma'aikata, da ku ɗalibai da za ku gaje su. Ba direban haya kaɗai ke karya dokar hanya ba. Wayar nan da babban ma'aikaci kan buga ya ce a saki mota, ta ƙanena ce, ita ke koya wa ƙaramin jami'i cewa aikinsa wasa ne. In ya saki ta mai uban gida kyauta, me zai hana ya saki ta talaka a kan ɗari biyu? Haka motar gwamnati da ke bin hannun da ba nata ba da jiniya, haka lasin da ake kai wa mutum gida bai taɓa zama gaban mai jarrabawa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da sa hannun wani ma'aikaci a ciki. Madugu yana iya horon ayari ne domin shi ma a cikinsa yake tafiya, abin da ya sami ayari ya same shi. Mu ma duk a wannan hanya muke tafiya, mu da 'ya'yanmu. Ranar da aka rubuta wa ɗayanmu takardar tara, ya karɓa ya je banki ya biya bai kira kowa ba, ya yi wa wannan jiha aikin da ya fi laccar da kuka saurara yau.

Allah ya kiyaye hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.